Ba Ka Ja Igiya Ba, Alhaji

Labarin ya iske ni yau da safe, ina tsaye a bakin gareji ana ɗora bututu a mota.

Alhaji Sa'idu ya rasu.

Kuma ba yau ba. Jiya ne, bayan Azahar. Kafin Magariba an riga an rufe shi a Gozaki.

Ni kuwa ina nan Funtua. Wayata a kunne, motata da mai, ƙafata lafiya lau. Ba wanda ya kira ni.

Ƙaninsa, Malam Habu, shi ya bugo. Ya ce, "Yaya Bitrus, sai haƙuri, Alhaji lokaci ya yi." Na ce wane Alhajin? Ya ce, "Naka." Ban san sa'ad da na zauna a kan wata tsohuwar taya ba. Na ce, "Ga ni nan tafe. Kada kowa ya taɓa ƙasa sai na iso, ni zan haƙa kabarin."



Sai ya ce, "Yaya, ai an kai shi tun jiya."

Ku da kuka san ni a shafin nan kun san ban iya dogon rubutu ba. Hoton aiki nake sawa, in ce an gama bohol a wuri kaza, mun gode Allah, shi ke nan. Yau ku yi haƙuri da ni. Cikina cike yake, kuma ba baƙin ciki ne kaɗai a ciki ba. Akwai fushi. Na san za a ce mini ba a fushi da mamaci. To, ni ina yi.

Ga wanda bai san mu ba: ni da Sa'idu katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Gozaki, kafin aiki ya mayar da ni Funtua. Shi Musulmi, ni Kirista. Yana ce mini Fasto, alhali ko waƙa ban iya ja a coci ba. Ni kuma Ustazu nake ce masa tun bai ajiye gemu ba.

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, na kama haƙar rijiya, da diga da guga da igiya. Ba wanda ya gadar mini da ko allura. Duk abin da kuke gani a garejin nan, injuna da motoci, daga cikin rami na fito da su, da hannun nan nawa. Ina faɗin haka ko a gaban waye.

Amma mai shiga rami ba ya shiga shi kaɗai. Dole akwai wanda ke sama riƙe da igiya.

Nawa Sa'idu ne.

Aikin rijiya yana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. In ka yi nisa ƙasa, iska takan ƙare ba sallama. Kai ya fara nauyi, ƙirji ya matse, ka ji kamar barci na fizgarka. Da ka ji haka, ka ja igiya. Ba jarumta, ba kunya, ba bari in ƙarasa wannan gugan. Ka ja, na sama ya fito da kai. Wanda ya ɓoye, gawarsa ake fitowa da ita. Shi kansa Sa'idu kullum kafin in sauka sai ya maimaita mini: "Fasto, in ka ji wani abu ka ja. Kada ka yi mini taurin kan nan naka."

Wata rana, a wani ƙauye bayan Danja, gefen rijiya ya zubo mini, ƙasa har ƙirji. Masu gidan suka watse neman taimako. Sa'idu bai je ko'ina ba. Ya naɗe igiyar a hannu, ya tokare ƙafa da gungumen bakin rijiya, ni ina tono da yatsu daga ƙasa, shi yana ja, har fatar tafinsa ta saɓule. Tabon bai taɓa ɓacewa ba. Duk wanda ya taɓa gaisawa da Alhaji ya ji wani kauri a tafin hannunsa, to ni ne.

Daga baya ya koma noman rani, tumatir da albasa, Allah kuma ya buɗa masa. Kwandon farko na kowace shekara gidana yake sauka kafin kasuwa ta gani. Lokacin Kirsimeti shi ke aiko da rago, sannan ya biyo bayansa da wuƙarsa, wai shi zai yanka da kansa don kada a hana shi ci. Da na sayi injina na farko ban samu mai ba ni aiki ba, a gonarsa ya ce in fara, ya tara manoman yankin su zo su gani da idonsu.

Da mahaifiyata ta rasu, shi ya fara sarar ƙasa. Da babansu ya rasu, ni na fara. Haka muka taso a unguwarmu: in rasuwa ta faɗa gida, maƙwabta ke haƙa, ba a tambayar inda mutum yake ibada. Masu gida suna can suna shirya mamacinsu, ku kuna can da diga.

Ku riƙe wannan, za ku gane abin da ke ci na.

Bara na samu tafiya Sifaniya. Mutanen da nake sayen fanfunan sola a wurinsu suka gayyace ni in ga kayansu, can wajen Malaga. Na ce ba zan je ni kaɗai ba. Na ce, "Ustazu, shirya, za ka ga yadda ake noman tumatir a cikin rumfar leda." Ya ce, "Andalus? Wadda malamai ke faɗi?" Na ce ita. Ya ce, "Suna da tuwo?" Na ce ban tambaya ba. Ya cika gefen jakarsa da ƙuli-ƙuli da yaji.

Mun ga fanfuna, mun ga gonaki. Duk inda muka tsaya sai ya tsuguna ya murza ƙasarsu a hannu yana girgiza kai, wai wannan ai tsakuwa ce, da Allah ya ba su irin tamu ta ƙasar Kafur da ba su bar kowa ya sayar da tumatir a duniya ba.

Ranar da ta rage mana, Baturen da ke kula da mu ya ce mu zaɓa: ko bakin teku, ko kogo. Dama mun riga mun wuce ta bakin tekun nan a mota. Alhaji ya ga abin da ya gani ta taga, ya sunkuyar da kai ya kama carbi. Ya ce, "Fasto, ce masa kogo. Ko da zaki a ciki, kogo."

Wani ƙaramin gari ne gabas da Malaga, sunansa har yau bakina bai iya shi ba. Kogon yana jikin tsauni, kana tsaye kana hango teku a ƙasa. Ni da aka ce kogo, irin na duwatsunmu na ɗauka, inda jemage ke kwana, makiyaya su fake wa ruwan sama. Sai muka tarar da layi, da tikiti, da wurin shan shayi, har da shagon tsaraba. Turawa da gajeren wando, wasu yashin teku bai gama kakkaɓewa daga ƙafarsu ba, fata ta yi ja kamar an gasa. Mu kuwa kaftani da hula. Wata tsohuwa ta roƙa ta ɗauki hoto da mu. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Yau mu ne abin kallon, ba kogon ba."

Ƙofar shiga ƙarama ce, kamar ta ɗakin ajiya. Daga nan matakala ta yi ƙasa.

Alhaji ya tsaya. Ya leƙa. Ya ce, "Ba a zura fitila tukuna?" Don mu a da, kafin in sauka sai mun zura fitila da igiya. In ta mutu, ba iska, ranar ba shiga. Na yi dariya har na baya suka fara kallonmu. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke ni ƙarƙashin ƙasa, amma shi bai taɓa shiga ba. Kullum yana sama.

Na ce, "Yau kai ma ƙasa za ka, Ustazu. Biyo ni."

Ya kama gefen rigata.

Jama'a, na shiga ƙasa fiye da yadda zan iya tunawa, amma ban taɓa sanin tana da ɗakuna ba. Muna gama sauka wuri ya buɗe. Ba rami ba ne, fili ne, da rufi can sama, wanda za a gina coci da masallaci a ciki kowanne ya samu haraba. Sanyi mai laima, irin na sabuwar randa. Sun ɓoye fitilu a bayan duwatsu, ga haske amma ba ka ganin inda yake fitowa. Dutse ya zubo daga sama tsiri-tsiri kamar kyandir da ya narke, wani kuma ya tsiro daga ƙasa yana neman ya taɓo shi. Wani wurin ya yi naɗi-naɗi kamar an shanya zannuwa an manta da su. A tsakiyar babban ɗakin akwai wani ginshiƙi daga ƙasa har rufi. Alhaji ya ɗaga kai zai ga ƙarshensa, hularsa ta faɗi.

Bai ma san ta faɗi ba. "Subhanallah" kawai yake yi ƙasa-ƙasa. Ni na ɗauko masa.

An ba mu wata 'yar na'ura mai bayani a kunne. Turancin yana gudu, ina kamo abin da na kamo ina juya masa. Wai duk wannan aikin ɗigon ruwa ne. Ruwa ya ratso dutse, ya ɗiga, ya bar ɗan abin da ya ɗebo, ya sake ɗiga. Wai kafin a samu tsawon ɗan yatsa, mutum ya mutu, jikokinsa ma sun mutu. Shi ya sa ba a taɓawa. Ni kuwa mai neman ruwa, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in shafa in ji. Na miƙa ke nan Alhaji ya buge mini hannu. Ya ce, "Kada ka ja mana a kore mu daga Andalus karo na biyu."

Muka wuce wasu manyan duwatsu a kwance, na'urar ta ce girgizar ƙasa ce ta kayar da su tun can da. Ya ce, "Tambaye ta, yau dai ba ranar girgizar ba ce ko?" A wani ɗakin aka ce har kiɗa an sha yi saboda yadda murya ke tafiya. Ya yi gyaran murya, ta je ta dawo masa. Ya ce nan ladan ba ya buƙatar lasifika.

Ya juyo ya ce, "Duk shekarun nan haka kake gani a ƙasa ka ɓoye mini?" Na ce ina, ni laka da kwaɗi nake gani.

Can gaba na'urar ta ce mutanen da can sun zauna a kogon nan, har sun binne matattunsu a ciki. Na juya masa. Sai ya tsaya, ya jingina da ƙarfen gefen hanya, mutane suna wuce mu. Ya daɗe yana kallon duhun da fitila ba ta kai ba.

Ya ce, "Ashe ƙasa ba abin tsoro ba ce daga ciki. Sanyi gare ta."

Na ce, "Sai yau ka sani?"

Ya ce, "Fasto, in na riga ka, kai za ka haƙa mini. Ba na son aikin gaggawa, a yi mini rami a karkace. Kai ka san ƙasa."

Na ce, "Ni da na girme ka?"

"Girman me? Ka dai amsa."

Na ce na amsa. Na miƙa masa hannu, ya kama, na ji tabon nan a tafina.

Wajen fitowa ne abin ya faru. Matakalar da muka sauko da dariya, yanzu hawa ce. Ba mu yi nisa ba ya tsaya, wai yana kallon wani dutse. Muka ƙara kaɗan, ya sake tsayawa. Tsofaffin Turawa masu sanda suna wuce mu.

Ni fa na san numfashin mutumin da iska ke ƙare masa. Na ji shi a ƙirjina, na ji shi a na wasu. Gajere ne, ba ya kaiwa ciki. Na kalli leɓensa a hasken nan, launin bai yi mini ba. Iskar kogon kuwa lafiya lau take, wannan ba sai an gaya mini ba.

Na ce, "Sa'idu." Ba na kiran sunansa sai magana ta yi nauyi. "Me ke damunka?"

Ya ce, "Yunwa. Kwana da kwanaki ana ba mutum ganye da burodi mai taurin bulo, ina ƙarfi zai fito?"

Na ce, "Kalle ni. Ka san doka. In akwai wani abu, ka ja igiya."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Zan ja."

"Alkawari?"

"Haba Fasto. Ni fa na koya maka dokar."

Da kafaɗar tawa ya ƙarasa hawa. Muka fito rana ta mare mu, ga teku shuɗi har iyakar gani. Ya zauna a benci, ya zaro ƙuli-ƙuli ya miƙo mini, numfashi ya dawo, tsokana ta dawo. Na ce a raina yunwar ce. Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba, me zai sa in ƙi yarda da shi?

Hoton da na sa a sama, a bencin nan aka ɗauke mu. Ku dubi yadda yake dariya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne. Na je duba wani aiki ta wajen Kafur, na biya gidansa. Na tarar da shi a zaure kan kujera, ba tabarma ba, ya lulluɓe ƙafafunsa da mayafi duk da zafin nan. Muka yi hira, muka sake dariyar hular da ta faɗi. Da na tashi tafiya bai miƙe ba. Sa'idu da ke raka ni har mota, ya riƙe ƙofa yana ƙaro wani labarin, sai na tayar da inji kafin ya saki.

Ya ce, "Yau ka yafe mini rakiya."

Na ce, "Ustazu, an fara girman kai ke nan? Tumatir ya karɓe ka?"

Ya yi dariya. Na kai bakin ƙofa, wani abu ya juyo da ni. Na ce, "Igiya fa?"

Ya ɗaga hannun nan mai tabo ya ce, "Tana hannuna. Je ka."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Alkawari biyu muka fito da su daga kogon nan. Nawa in haƙa, nasa ya ja.

Bai ja ba. Kuma ya hana ni haƙa.

Yau da na ajiye waya na shiga gida ina kiran matata, Ladi. Na ce, "Sa'idu ya rasu, har sun rufe shi!" Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Amma ba ta ce me ya same shi ba. Na tsaya ina jiran tambayar nan, ba ta zo ba. Na ce, "Ladi, kin san ba shi da lafiya?" Ta ce, "Baban Talatu, Hajiyarsa ce ta roƙe ni. Ta ce shi ya ce kada ka ji."

A cikin gidana. Tana zuba mini tuwo ta sani, ni ban sani ba.

Sauran a bakin Malam Habu na ji, da na isa Gozaki. Ciwon zuciya ne. Tun kafin mu tafi Sifaniya likita ya faɗa masa. Ke nan a kan matakalar nan, da ya dube ni ido cikin ido ya ce yunwa, ya sani. Tun dawowarmu kuma yana zuwa asibiti a Zariya.

Na ce, "Zariya? Ta ina?" Don Alhaji duk inda za shi ta can, ta Funtua yake biyowa ko da zagaye ne, ya tsaya a garejina ya sha ruwa ya kushe mini aiki.

Habu ya ce, "Ta Danja muke bi, Yaya. Ya ce kada mu bi ta gabanka."

Wannan ta fi komai ƙona ni. Mutum yana kan hanyar asibiti, ƙafa a kumbure, yana tsara yadda zai kauce mini.

Na ce wa Habu, "To, ciwo ya ɓoye, na ji. Kabarin fa? Kun san yadda muke. Ni na haƙa wa babanku. Ko yanzu hannuna ya zama wanda ba ya taɓa ƙasarku?" Da ƙarfi na faɗa, a gaban masu zaman makoki. Habu ya riƙe hannuna ya ce, "Subhanallahi! Wallahi ba haka ba ne, Yaya. Shiga ka ji daga bakin Hajiya."

Hajiya Rabi, matarsa, tana ɗaki ta shiga takaba. Na tsaya daga bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sai ta ce:

"Baban Talatu, na san ranka ya ɓaci. Wasiyya ya bari da bakinsa, ni da Habu muna zaune. Na ce, Alhaji, ka gaya wa Bitrus mana. Ya ce, 'In na ja, zai zo ya yi ta ja har hannunsa ya saɓule, kuma wannan ba ramin da ake fito da mutum ba ne.' Na ce to ranar fa, ai ka san ba zai yafe mana ba. Ya ce, 'Na san halinsa. Ba zai tsaya a sama ya nuna wa masu haƙa ba, shiga zai yi da kansa. Duk ramin da na sauke shi, ni na fito da shi. Ba zan sauke shi ramin da ba na sama ba.'"

Na ji.

Na san wasunku za su rubuto a ƙasa su ce ai ƙauna ce. Na san ƙauna ce, ba sai an koya mini ba. Amma ku bar ni in faɗa masa tawa.

Sa'idu, ba kai za ka yanke mini ba. Hannuna ne. In ya saɓule, nawa ne ya saɓule. Kai da ka saɓule naka, ka tambaye ni? Da ka ja, da na tuƙa ka da kaina, da na zauna a bakin gado, ko ban fito da kai ba da na riƙe. Sai ka bar ni ina yawo ina sa hoton bohol kamar wawa. Ka bar ni ina tsokanarka da girman kai ranar da ƙafarka ta kasa ɗaukarka zuwa ƙofa. Habu ya sani, Hajiya ta sani, matata ta sani. Ni da muka sha ruwa a guga ɗaya, ni ka mayar baƙo.

Kuma kai ka roƙe ni haƙar nan, ba ni na nema ba. Ka sa na ba ka hannu a ƙarƙashin ƙasar mutane, sannan ka dawo gida ka warware a bayana.

Habu ya kai ni maƙabarta. Tsohuwar digata tana bayan mota, wadda muka fara aiki da ita. Tun a Funtua na jefa ta, duk da na riga na ji an rufe. Na tsaya a kan kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ba zan ɓoye muku ba, da idon aiki na duba, ina neman inda ya karkace. Bai karkace ba. Sun yi aiki mai kyau. Har wannan ma sai da ya ba ni haushi.

Sai na ga jarkoki a gefe. Na ce na mene ne? Habu ya ce na ruwan kwaɓa ƙasar rufi ne, daga cikin gari suka ɗauko a babur, don maƙabartar ba ta da ruwa.

Na zagaya. Can bayan shinge akwai wata gangara da ɓaure a gindinta. Na tsuguna na murza ƙasar. Akwai ruwa a nan, kuma ba nisa.

Na samu mai unguwa da limamin unguwar na gaya musu, sun amince. Da an yi addu'ar uku zan fara. Rijiya, ba bohol ba. Injunana su zauna a Funtua. Da diga, da guga, da hannun nan. In an yi nisa za a taya ni, ban ce ni ƙarfe ba ne. Amma saran farko nawa ne, kuma ni zan sauka in taɓa idon ruwan.

Ka hana ni ramin da ka ce in haƙa, Ustazu. Wannan ba ka da bakin hana ni.

Muna komawa mota Habu ya ce, "Yaya, ka yafe masa." Na ce a gaban Allah na yafe, kada wani haƙƙi nawa ya tsare shi. Fushin kuwa tsakanina da shi ne, ku bar mini abina sai na ga ruwa.

Ya ce, "To wa zai riƙe maka igiya?"

Na buɗe baki. Wallahi sunanka ne ya zo, Sa'idu.

Da na haɗiye shi na ce, "Kai. Kuma kada ka damu, ni in na ji wani abu, ja nake."

Ga shi ma yanzu ina ja, a gabanku duka. Ina zaune a mota a ƙofar gidansa, ƙirjina a matse, kuma ba kowa a sama.

Allah ya jiƙan Alhaji Sa'idu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya sa inda yake kwance ya fi ɗakin nan da hularsa ta faɗi faɗi da sanyi da haske. Allah ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa da Malam Habu haƙuri, ya riƙe gidan nan.

'Yan'uwana Musulmi, kun fi ni sanin kalmomin da suka dace da shi, don Allah ku yi masa su, ko sau ɗaya bayan salla. Mutanen coci, ku tuna da iyalinsa ranar Lahadi.

In kun gama tasa, ku ɗan rage mini.